Fim kan Yaƙin Burmi: ina aka yarda a ƙara gishiri, ina ba a yarda ba?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne daga Bajoga, muna da ƙungiyar wasan kwaikwayo, kuma mun ƙudiri niyyar yin fim kan yaƙin Burmi, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada. Sai dai gardama ta kaure tsakaninmu. Marubucinmu ya ce fim ba darasin tarihi ba ne, in ana so a kalla dole a ƙara gishiri, har ya sa Gwamna Lugga a filin daga suna fito-na-fito da Sarkin Musulmi da takobi. Ni kuwa na ce duk abin da bai faru ba kada a sa. Wa ke da gaskiya a cikinmu? Kuma da ɗan kuɗin da ke hannunmu, me ya fi kamata mu kula da shi?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sa albarka a wannan niyya. Tambayarka biyu ce a haɗe: iyakar abin da mai fim zai ƙirƙira idan ya taɓa yaƙin da ya faru da gaske, da kuma inda ya kamata ɗan abin hannunku ya tafi. A ta farko, kowannenku ya riƙe rabin gaskiya. In aka bi taka sak, fim ɗin ba zai yiwu ba, domin babu wanda ya rubuta hirar da aka yi a zaurukan Burmi daren yaƙin, kuma fim ba ya tafiya sai da magana. In aka bi ta marubucinku, za a yi fim, amma ba na Burmi ba. Gishiri dai a miya ake sa shi, ba shi ake tuƙawa a ci ba. Abin da ya sa nake tsanantawa shi ne, akasarin waɗanda za su kalli fim ɗinku ba za su taɓa buɗe littafi kan Burmi ba, kuma gani ya kori ji. Abin da kuka nuna musu shi za su gaya wa 'ya'yansu.

Ƙashin bayan labarin

Kafin a yi maganar abin da za a ƙara, sai a san abin da ba ya motsi. Turawan Ingila sun shiga Bauchi a watan Fabrairun 1902 ƙarƙashin Kanar Morland, suka wuce ƙasar Gombe, a wannan fitar ce suka kama Malam Jibrilla Gaini, wanda ya mai da Burmi cibiyar masu jiran Mahadi, suka kai shi Lakwaja. Kano ta faɗi ranar 3 ga Fabrairun 1903, Sakkwato kuma ranar 15 ga Maris. Sarkin Musulmi Attahiru ɗan Ahmadu bai miƙa wuya ba, ya kama hanyar gabas da niyyar hijira, Turawa suka naɗa wani Attahirun, ɗan Aliyu Babba, a gurbinsa. Ka lura da wannan, domin sunan ɗaya ne kuma ana yawan cakuɗa su. A hanya jama'a suka yi ta binsa, manoma da malamai da mata da yara, har garuruwa suka riƙa zama kufai, abin da ya tayar wa Turawa hankali fiye da dawakinsa. Cikin manyan da suka haɗu da shi akwai Sarkin Misau Ahmadu, da Etsu Nupe Abubakar, da Magajin Keffi Ɗan Yamusa wanda ya kashe Kyaftin Moloney a 1902.

A Burmi sau biyu aka gwabza. Ranar 13 ga Mayu Kyaftin Sword ya kai hari, aka kore shi, ya ja da baya zuwa Bauchi da masu rauni da yawa. Sai Turawa suka tattaro ƙarfi suka dawo ranar Litinin 27 ga Yuli ƙarƙashin Manjo Marsh. Aka wuni ana yi. Marsh kansa kibiya mai dafi ta kashe shi. Sarkin Musulmi ya faɗi tare da mutane fiye da 600 bisa ƙidayar Turawan, aka rushe garin. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a suka ci gaba da tafiya, daga baya suka zauna a bakin kogin Nilu a Sudan, garin da har yau ake kira Mai Wurno.

Akwai wani abu a nan da marubuci mai basira zai yi murna da shi. Burmi ba garin biyayya ga Sakkwato ba ne tun asali. Mutanen Jibrilla sun shekara suna yaƙi da masarautar Gombe, a wajen yaƙarsu ne ma Sarkin Gombe Zailani ya rasu a 1888. Wato garin da aka ɗauka na 'yan tawaye, shi ne ya buɗe wa Sarkin Musulmi ƙofa, mutanensa suka mutu tare da shi. Wanda ke neman abin da zai riƙe mai kallo, ga shi nan a kwance, ba sai an ƙago ba.

Abin da za a iya ƙirƙira, da wanda ba a taɓawa

Idan aka kawo mini rubutun fim na tarihi, abubuwa huɗu nake fara dubawa: su wa suka yi faɗan, me ya haɗa su, ta yaya aka yi shi, yaya ya ƙare. Waɗannan ba a canza su. Duk abin da ke tsakaninsu kuwa fili ne na marubuci. Ku ƙirƙiro maƙerin da ke ƙera tsinin kibiya a Burmi, da matar da ta baro gero a gona a ƙasar Kano ta bi ayari da goyo, da almajirin da ke ɗauke da gafakar malaminsa. Ku ba su suna da soyayya da tsoro da gardama. Babu wanda kuka zalunta, domin irinsu dubbai ne suka bi hanyar, kuma babu kundin da ya adana sunayensu. Haka nan an yarda a taƙaita lokaci, tafiyar wata huɗu ta zama minti ashirin, ko a haɗe 'yan aike uku su zama mutum ɗaya.

Manyan da tarihi ya san sunansu kuma, hukuncinsu daban ne. Za ku sa musu magana a baki dole, amma maganar ta dace da abin da aka san sun tsaya a kai. Sarkin Musulmi ya bayyana a wasiƙunsa cewa tafiya yake yi, ba yaƙi yake nema ba, a bar shi ya wuce. In kuka sa shi yana kirarin zai koma ya ƙwato Sakkwato da takobi, kun sauya mutumin, kun kuma rushe ma'anar hijirar baki ɗaya.

Batun Lugga kuwa, a cire shi daga filin nan. Ba ya Burmi, ba ya ma ƙasar a ranar, ya tafi hutu Ingila, William Wallace ne ke riƙe da kujerarsa. Ko a Sakkwato sai bayan an gama faɗa da 'yan kwanaki ya iso. Na san abin da marubucinku ke nema, yana son fuska ɗaya da mai kallo zai tsana. To ga Marsh nan, wanda ya jagoranci harin kuma ya mutu a wurin, ga Sword da aka kora a karon farko, ga Temple Razdan na Bauchi. In ana son Lugga ya fito, a nuna shi inda yake da gaske: a Sakkwato cikin watan Maris yana karanta wa manyan gari sharuɗɗan sabon mulki, tafinta na juyawa. Wannan fitowar ta fi faɗan takobi ciwo, domin a cikinta ne iko ya sauya hannu. Haka shi ma Malam Jibrilla, kada a gan shi a kan ganuwa a 1903, yana tsare a Lakwaja. Sai dai a ji sunansa a bakin mabiyansa.

Ba mu kaɗai ke faɗawa wannan rami ba. A shekarar 2000 Amurkawa sun yi fim mai suna U-571, suka nuna sojojin ruwansu ne suka ƙwato na'urar sirrin Jamus daga jirgin ƙarƙashin teku, alhali sojojin ruwan Ingila ne suka fara yin haka a watan Mayun 1941, Amurka ba ta ma shiga yaƙin ba tukuna. Maganar sai da ta kai majalisar dokokin Ingila. Kayan sojan fim ɗin sun yi kyau, jiragen sun yi kyau, amma an ɗauke aikin wasu an ba wasu, kuma irin wannan ƙaryar ce jikokin waɗanda abin ya shafa ba sa yafewa.

Su wa suka riƙe bindigogin?

Nan ne kuskure mafi girma yake, kuma kusan kowane rubutu da ke zuwa hannuna yana ɗauke da shi: a jera Turawa sahu-sahu a gefe ɗaya, baƙar fata a ɗaya gefen. Ba haka aka yi ba. Rundunar da Ingila ta kafa a 1897 don wannan yanki, hafsoshinta da wasu sajentocinta ne kawai Turawa. Masu harbin 'yan ƙasa ne, da yawansu Hausa suke ji, akwai Yarbawa da sauran ƙabilu. Dubi rundunar da ta ci Kano: Turawa ba su kai 40 ba, sojoji baƙar fata sun haura 700, da igwa 4 da bindiga mai ruwa 4. A Burmi ma tsarin ke nan, Turawa 'yan tsiraru, sojoji ɗaruruwa, ga 'yan alaro masu ɗauke da harsashi da abinci da sassan igwa a ka, kowanne da kaya kusan kilo 25, tunda babu mota ko ɗaya.

Wannan gaskiyar ta zo muku da sauƙi biyu. Ta fuskar kuɗi, ba ku buƙatar Turawa hamsin, uku ko huɗu sun isa kyamara. Ta fuskar labari kuma, ta ba ku mutumin da ya fi kowa nauyi a fim ɗin: sojan da ke jin kabbarar da ake yi a bayan ganuwa, yana fahimtar kowace kalma, ga saje a bayansa. Me ya kai shi aikin soja? Wasu bayi ne da suka gudu daga iyayengijinsu, wasu albashi ya ja su, wasu 'yan garuruwan da hare-haren sarakuna suka ɗaiɗaita ne. Fim ɗin da ya ɓoye bauta da harin bayi na wancan zamani don kada a ɓata wa wani rai, shi ma ya yi ƙarya, ƙaryar shiru.

Haka batun waɗanda ba su yi hijira ba. Wazirin Sakkwato Buhari ya koma gari ya yi sulhu da Turawa, ya kuma rubuta risala yana bayyana hujjarsa, cewa in kowa ya tafi wa zai tsaya wa talakawan da ba su iya tafiya. Malamai sun yi saɓani na gaske a kan wannan, kowane ɓangare da nassinsa. Sarkin Gombe Umaru ma yana cikin waɗanda suka zauna. Kada ku mai da masu zama maciya amana masu zare ido, masu tafiya kuma mala'iku. Ku zaunar da malamai biyu a zaure su yi muhawarar, kowanne da hujja mai ƙarfi, mai kallo ya fita yana tunani.

Yadda faɗan yake a ido

Burmi gari ne mai ganuwa da rami daga wajenta, faɗan 27 ga Yuli kuma na fasa gari ne: igwa ta daki ganuwa da ƙofa, sojoji su kutsa, a koma gida-gida, lungu-lungu. In kuka fitar da mutane fili fetal suna sukuwa da takubba kamar hawan daushe, kun zubar da dalilin da ya sa aka kori Sword a watan Mayu, da dalilin da ya sa na Yuli ya ci wuni guda. Ba sai kun gina ganuwar gari duka ba. Bango ɗaya na tubalin ƙasa mai tsawon mita 15 zuwa 20, da ƙofa ɗaya da rami a gabansa, ya isa, sai a riƙa sauya inda kyamara ke tsayawa. A nan nake ba da shawarar kaso mafi tsoka na kuɗinku ya tafi.

Makamin da ya fi yi wa Turawa ɓarna shi ne kwari da baka. Kibiyarmu ta kyauro ce da tsinin ƙarfe mai kunne, ba ta da gashin tsuntsu a gindi irin wadda ake gani a fina-finan waje, kuma dafinta akasari na tsiron ƙwanƙwani ne. Zuciya dafin yake kamawa, yana ɗaukar mintoci, saboda haka wanda aka harba ba ya faɗuwa nan take kamar an yanke igiya. Zai yi tafiya, ya yi magana, 'yan'uwansa su yi ta ƙoƙarin cire tsinin, sannan jiki ya saki. Ita kibiya ba ta cin nisa, sai abokin gaba ya matso, shi ya sa 'yan baka ke fakewa a bayan ganuwa su jira.

Bindigar toka ta baki ake ɗura ta: a zuba albarushi, a cusa tsumma, a sa dalma ko guntayen ƙarfe, a danna da sanda, a zuba ɗan albarushi a wurin ƙyastu, sannan a harba. Harbi ɗaya ke nan, sai a sake daga farko, kuma gwani ma yana cin kusan rabin minti ko fiye. Tana tashin farin hayaƙi mai kauri da ke tona inda mai harbi yake, in albarushi ya sha danshi kuma sai ta ƙi tashi. Duk fitowar da aka ga mai bindigar toka ya yi harbi uku a jere, an yi kuskure. Bindigogin sojojin Turawa kuwa ta baya ake sa musu harsashi, suna cin ɗaruruwan mitoci. Bindiga mai ruwa ba a rungumarta a yi gudu da ita. A kan ƙafafu take zama, ita kaɗai ta haura kilo 25, mutum ɗaya na harbi wani na miƙa ɗamarar harsashi mai ɗauke da 250, bututunta na cikin tulun ruwa mai cin kimanin lita 4, wanda ke tafasa ya yi tururi in an daɗe ana harbi. Maƙerin walda a Gombe zai iya ƙera muku kamanninta da bututun ƙarfe in kun ba shi hoto mai kyau, ƙarar kuma a sa ta wurin tace fim.

Kada ku harba bindigar toka ta gaske a tsakiyar taro. Tsofaffin bututu na fashewa, tsummar da aka cusa ma tana fita da wuta ta ji wa na kusa. A sa albarushi kaɗan ba dalma, maharbi ƙwararre ya riƙe, gabansa ba kowa, a kuma sanar da 'yan sanda da mai gari tun kafin ranar. Dawakin da za ku aro daga masu sarauta a saba musu da ƙara kwanaki kafin ɗauka, in ba haka ba harbin farko za su watse da mahayansu. A kuma tuɓe musu adon Salla. Dokin yaƙi lifidi yake sawa, barde kuma sulke da kwalkwali, su ma ba kowa ke da su ba, sai manya da 'yan lifida. Mafi yawan mayaƙa a ƙasa suke. Sananniyar ruwaya ma ta nuna shi kansa Sarkin Musulmi a ƙasa ya fito daga masallaci ya nufi ganuwa, ba a kan doki ba.

Sai lokaci. Ƙarshen Yuli a ƙasar Funakaye, inda Burmi take, tsakiyar damina ce: ciyawa kore shar, gero ya tasa, ƙasa jiƙe, Gongola cike, sama da hadari. Masu fim sun fi son rani saboda ruwa ba ya tsayar da aiki, sai a ga Burmi cikin ƙurar hunturu da busasshen kara. Duk manomin da ya san watan da aka yi yaƙin zai gane. Mafita ita ce a raba ɗaukar biyu: fitowar Sakkwato da farkon tafiya a ɗauke su da bazara, Maris zuwa Mayu, faɗan ƙarshe kuma a jira Yuli ko Agusta. Ranar ta faɗo a farkon Jimada Awwal ta 1321, jinjirin wata ne, don haka daren yaƙin duhu ne, babu farin wata. Hasken da za a gani na wutar kara ne da fitilar aci-bal-bal.

Ƙananan abubuwan da kyamara ke tonawa

Bishiyar darbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro ko maina, ita ce babbar mai tona asiri. Sai a 1928 aka fara dasa ta a Borno, yau kuwa babu ƙauyen da ba ta cika ba. Ku nemi wurin da kuka da tsamiya da ɗorawa da kanya suka fi yawa, inda ta shigo hoto kuma a karkata kyamara. Kafin kowace ɗauka mutum ɗaya ya zagaya, aikinsa ke nan kawai: rufin kwano, turken lantarki, eriyar waya daga nesa, ledar ruwa a ƙasa, butar roba, silifa, agogo, tabon agogon a hannu, sawun taya a kan hanya. Garin Gombe na yanzu ma kada a ambace shi a matsayin fadar sarki. A 1903 fada tana Gombe Abba, aka mai da ita Nafada a 1913, sannan Gombe Doma a 1919.

Tufafi na gaba da ganuwa wajen cin kuɗi. Shadda mai ƙyalli da ɗinkin keke da hijabin zamani duk ba su da wuri. Saƙi ake sawa, ƙyalle siriri da aka haɗa da allura, fari ko rinin baba, manya su sa tsamiya ko barage da alkyabba da rawani, talaka taguwa ko bante da warki, mata zane da mayafi. Ba za ku iya saya wa mutum ɗari saƙi ba, to ku yi wa goma na gaban kyamara na gaske, na baya a ɗinka musu da akoko marar haske. Sabon yadi yana ihu a hoto, sai an tsufar da shi: a jiƙa a ruwan bagaruwa ko baƙin shayi, a wanke sau da yawa, a shanya a rana, a goga jar ƙasa a gwiwa da wuya da gefen riga. Mutanen da suka yi wata huɗu a hanya ba sa fitowa da guga. Sojojin Turawa baƙar fata kuma babu takalmi a ƙafarsu, babu kaki mai dabbare-dabbare. Kuɗin hannu wuri ne, wasiƙa da Larabci ko ajami, da alƙalamin kara da tawada.

Harshe ma tufa ne. Mutanen 1903 Nasara ko Annasara suke cewa, ba su san "mulkin mallaka" ko "'yancin kai" ba, kuma babu wanda zai ce yana kare Najeriya, tunda haɗewar Kudu da Arewa sai 1914. Addini da hijira da alamun ƙarshen zamani su ne abin da ke bakinsu, shi ya sa Dutsen Bima na ƙasar Gombe, wanda ake dangantawa da bayyanar Mahadi, ke da girma a zukatansu. Ayarin kuma ba baki ɗaya yake magana ba. Basakkwace ya yi Sakkwatanci, Bakano ya yi Kananci, a ji Fulatanci da Bolanci a cikin gari, Banufe ya yi Hausa da gargada. Wannan ba ya cin ko kwabo, sai zaɓen 'yan wasa da kyau.

Inda za ku samo gaskiyar, da iyakarta

Rahotannin hafsoshin Turawa suna Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, Gidan Arewa ma a Kadunan yana da tarin rubuce-rubuce, a Sakkwato kuma akwai cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu. Malaman tarihi a jami'o'in Gombe da Kashere za su taƙaita muku wahala. Sannan ku zauna da dattawan Bajoga da Ashaka da Nafada, musamman zuriyar waɗanda suka watse daga Burmi, ku ɗauki muryarsu da izininsu.

Kowace majiya da lauje cikin naɗinta. Baturen da ke rubuta rahoto yana kare kansa ne a gaban na sama da shi, yana da dalilin kumbura yawan abokan gaba da kiran su masu tsattsauran ra'ayi, amma a kwanan wata da yawan sojojinsa da harsashin da aka kashe, ya fi kowa daidai. Ruwayar baka ta fi riƙe sunayen wurare da yadda abin ya yi wa mutane zafi, amma takan haɗe faɗan Mayu da na Yuli su zama ɗaya, takan kuma shigo da karamomi. Kada ku jefar da karamomin. Ku sa su a bakin wanda ya yi imani da su yana ba da labari, maimakon kyamara ta nuna su kamar ta gani da idonta. Akwai kuma abin da babu majiyar da za ta ba ku, kamar kalmomin ƙarshe na Sarkin Musulmi da ainihin adadin mata da yaran da suka mutu. A irin wannan wuri shiru da nesantar da kyamara sun fi dogon jawabi aminci.

Dabarar da nake ba masu rubutu ita ce su ɗauki rubutun fitowa-fitowa, su sa wa kowace alama ɗaya cikin uku: tabbatacce, mai saɓani, ƙirƙirarre. Tabbatacce a rubuta majiyarsa a gefe. Mai saɓani a zaɓi ruwaya ɗaya da sani, a san dalilin zaɓenta. Ƙirƙirarre kuma a yi masa tambaya ɗaya: ya taɓa ɗaya daga abubuwa huɗun nan? In ya taɓa, a sake shi. Faɗan takobin Lugga ya taɓa biyu, waɗanda suka yi faɗan da yadda aka yi shi. A farkon fim kuma a rubuta a fili cewa yaƙin da manyan da aka ambata gaskiya ne, wane da wance ƙirƙira ce.

Abu na ƙarshe shi ne gawa. Ya zo a rubuce-rubucen tarihi cewa an yanke kan Sarkin Musulmi an ɗauki hoto don a tabbatar wa jama'a ya rasu. Ba na ganin a ɓoye wannan, amma kada a nuna shi. Baturen da ke kafa akwatin ɗaukar hoto, da fuskar sojan da aka sa ya tsaya gadi, sun isar da saƙon. Mutumin nan yana da zuriya a Sakkwato da Sudan, kabarinsa kuma yana nan kusa da ku ana ziyarta. Kafin ku kafa kyamara ku kai rubutun fadar Funakaye da ta Gombe, ku aika kwafi majalisar Sarkin Musulmi, ku ji ta bakinsu tun gyara bai wuce na biro ba. Filin Burmi kansa maƙabarta ce, a ɗauki hotonsa yadda yake don buɗe fim ko rufe shi, amma faɗan da dawakin a kai su wani fili daban. Yadda za a sa mutum talatin su cika ido kamar ɗari uku kuwa, wannan fannin mai ɗaukar hotonku ne, ku zauna da shi a kan zanen ganuwar tun kafin magina su kwaɓa ƙasa, domin inda zai tsaya shi zai nuna tsawon bangon da kuke buƙata.